Jarka Biyu Daga Ƙaura

Ƙauran Namoda,
8 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga taubashina Malam Alhassan, ladanin Birnin Tsaba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kulsumu da ɗiyanku. Ni ma lafiya lau, in ban da ciwon baya na duƙa wa babura, wanda kuwa da shi nake cin tuwo.

Tsoho direba ya isar mini da saƙonka. Da ya ce Malam Alhassan na gaishe ka, sai da na aje sifana na tambaye shi wane Alhassan. Shekara goma sha biyu rabon da ka tuna kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito. To ashe albasa tana tuna wa mutum zumunta. Ungulu dai ba ta jewar banza, taubashi, amma ban ji haushi ba, dariya na yi.

Ya ce fetur ya ɓace a Zurmi, 'yan bumburutu sun kai galan inda hannunka ba ya kaiwa, injin ban-ruwanka ya kwana huɗu bai tashi ba, albasar fadama ta fara kwantar da kai. Nan ma haka abin yake. Layin gidan mai ya kai bakin tashar jirgi, jiya har an fasa wa wani ɗan kabu-kabu baki.

Sai dai ni na samu mafita. Akwai wani mai da nake haɗawa da hannuna, rabi fetur, rabi wani sinadari da na samo. Kada ka tambaye ni sunansa, sirrin sana'a ne, kai ma ba ka taɓa gaya mini abin da kake sha muryarka take kaiwa har bayan gari ba. Sati biyu ke nan Besfata tana shan shi, ta kai ni kasuwar Shinkafi ta dawo da ni. Tana ɗan gardama da safe, sai an ja mata cok, kuma ta fi shan mai, amma tana tafiya. Tsoho ma ya gani ya yaba, ya cika tankin motarsa.

Ga jarka biyu nan na ba shi ya kawo maka. Kyauta ce, kada ka aiko da komai. Ka buɗe wa kafireta hanyar mai kaɗan, in injin ya yi tari kada ka tsorata.

Ka gaida Liman in yana tune da ni. In ka bi ta maƙabarta ka yi wa mahaifiyata Inna Asibi addu'a, tunda kai kana da ikon shiga garin.

Naka,
Armiya'u bakanike


Birnin Tsaba,
17 ga Fabrairu, 2000

Zuwa ga ɗan'uwana Armiya'u.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Muna nan lafiya, sai Kulsumu da ta yi zazzaɓi kwana uku, ta kuwa samu sauƙi. Ina fata bayanka ya sake ka.

Jarkoki sun iso, Allah Ya saka da alheri. Ranar da Tsoho ya sauke su ban ko zauna ba, na ɗora ɗaya a kai sai fadama. Injin ya yi tari kamar yadda ka ce, ya yi ta jijjiga, sannan ya kama. Da na ga ruwa ya bi kwami-kwami yana shiga albasar nan, wallahi sai da hawaye ya zo mini. Cikin kwana shida na ƙarar da ta farko. Ta biyun na kai ta bukkar gona na rufe da buhu, ba zan taɓa ta ba sai ƙishi ya sake matsa wa shukar, don na samu ɗan galan guda wajen wani maƙwabci.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Hayaƙinsa ba irin na fetur ba ne, yana da wani ɗan zaƙi-zaƙi, kamar ɓawon rake da ya kwana cikin rana. Kuma robar bakin tanki ta yi laushi. Ko haka yake yi?

Na ga baƙar maganar da ka saka a ƙarshen takardarka, na kuma ɗauke ta a wasan taubasai. Amma bari in gaya maka, abin da ya faru shekarun baya ban yi nadamarsa ba. An tambaye ni gaban manya, na faɗi abin da hancina ya ji. Gaskiya ba ta da ɗan'uwa. Da na rufa maka asiri ranar nan, da yanzu kana kwance cikin kwata a Sabon Gari, ba ka da shago ba ka da sana'a. Ka gode mini ma ya fi.

Yanzu kuwa Allah Ya kawo mu zamanin da muka daɗe muna roƙo. Tun da aka fara aiki da Shari'a masallacinmu cika yake, har Jatau, wanda da sai an ɗauko shi a amalanke ranar kasuwa saboda maye, ya tuba yana sahun gaba. Na faɗa a bainar jama'a, duk wanda na ji warin giya a bakinsa ni ne shaidar farko, ko da ɗan cikina ne. Ina fata kai ma ka yi wa kanka faɗa, don bulala tamanin ba wasa ba ce, kai kuwa ga ciwon baya.

Kulsumu na gaishe ka. Ta ce in an cire albasa za ta zaɓar maka manya.

Ɗan'uwanka,
Alhassan


Ƙauran Namoda,
22 ga Fabrairu, 2000

Malam Alhassan,

Salamu alaikum. Ina fata Kulsumu ta miƙe sarai. Wa'azinka ya iso, na karanta, na so in naɗe ƙosai da shi. Amma yau ba wasa ya sa na ɗauki biro ba, ka karanta wannan kai kaɗai.

Kada ka taɓa jarka ta biyu sai ka gama karantawa. Sinadarin nan da na ƙi faɗa maka, ogogoro ne. I, giya, mai ƙarfin nan ta Kudu da ke kama wuta in an kusa da ashana. Maman Alheri ta Sabon Gari ce ta rufe shagonta za ta koma garinsu saboda doka, ta rasa yadda za ta yi da duro biyu. Na karɓa na ɓoye bayan shago ƙarƙashin tsoffin tayoyi. Ban sha ko ɗigo ba, Allah Shi ne shaidata. Na ce tunda tana ci da wuta, injin ma zai ci, shi kuwa inji ba a yi masa haddi.

To shekaranjiya Besfata ta mutu a hanyar Gusau. Da na kwance kafireta sai na tarar duk robobin ciki sun narke, ga ruwa kwance. Na zuba haɗin a kwalba na aje, kafin kwana biyu ya rabu biyu: fetur a sama, giyar da ruwanta sun kwanta a ƙasa fari tas. Ka ga taka da ka aje tun ranar takwas ga wata, yanzu gindinta giya ce zalla.

Na san yadda kuke yi a ƙauye, ba mai mazurari, sai a zura tiyo har ƙasan jarka a tsotsa da baki. Don girman Allah kada ka yi. In ka tsotsa, abin da zai fara shiga bakinka ke nan. Ka haƙa rami nesa da rijiya ka tuttular da ita, ka cusa wa jarkar yashi.

Na so in yi shiru, don maganarka ta ƙona mini rai. Amma na tuna lokacin da kake goya ni mu ƙetare gulbi in ruwa ya kawo, na kasa. In ka karanta ka ƙone takardar nan. Ka san abin da za ta jawo mini in ta faɗa hannun wani. Tsoho zai kawo maka, sai dai ya ce zai fara kai 'yan kasuwa Shinkafi ranar Alhamis.

Armiya'u


Zurmi,
9 ga Maris, 2000

Ɗan'uwana Armiya'u,

Salamu alaikum. Ba zan ce maka muna lafiya ba. Daga gidan surukina nake rubuto maka, shi ya tsaya mini aka bar ni in kwana waje. Tun takardarka ta farko ban sake jin ɗuriyarka ba, Tsoho ma an ce motarsa ta mutu can wajen Jangeru, shi ya sa na ba wani mai kai albasa Ƙaura wannan.

Ranar Lahadi da ta wuce na je ba albasa ruwa bayan azahar. Na jawo jarka ta biyu, na zura tiyo na tsotsa kamar kullum. Abin da ya taho ba fetur ba ne. Ya zo da ƙarfi, na shaƙe, kafin in tofar na haɗiye kusan cikin baki biyu. Maƙogwarona ya kama wuta. Na zuba wa injin, ya yi tari sau uku ya mutu, har yau bai tashi ba. Ina cikin fama da shi na ga inuwa ta yi, na ruga don kiran la'asar.

Na kurkure baki wajen alwala ya fi sau goma. Amma da na hau kiran salla kaina na juyawa, ga azumin nafila da nake yi, cikina ba komai. Muryata ta karye a tsakiya, na maimaita abin da na riga na faɗa. Da na sauko na yi tuntuɓe da buta. A cikin sahu kuma gyatsa ta kufce mini, Jatau yana damana.

Ana sallamewa ya riƙe mini hannun riga. Ya ce, "Malam, mi kash sha?" Na ce ban sha komai ba, man inji ne. Ya ce, "Wanga wari shekara ashirin ina kwana da shi, ba mai gaya man shi. Ku taho ku shinshina." Armiya'u, mutum bakwai suka jeru suna shinshina bakina cikin masallacin da ubana ya yi wa ladanci shekara talatin. Har da waɗanda na koya wa Fatiha.

Na ce mu je gona in nuna masu. Nan na kashe kaina da kaina. Suka tsiyaye jarkar a hankali, fetur ya fita, sai ga wani farin ruwa a ƙasa. Jatau ya taɓa a harshe ya tofar, ya ce, "Ogogoro na. Kun ga dabara, ya lulluɓe ta da fetur don kada a ji."

Mun je gaban alƙali jiya. Mutumin kirki ne, bai yi gaggawa ba. Ya ce shaidu biyu sun tsaya a kan wari, ga jarka a bukkata, ni kuma da bakina na ce na haɗiya. Amma in wanda ya ba ni man ya zo ya ce shi ya haɗa, kuma ban sani ba, to shubuha ta shiga, ba za a yi mini haddi ba. Na nuna takardarka, ya ce sinadari kawai ka rubuta, ba ka faɗi ko mene ne ba. Ya ba ni zuwa ranar ashirin da uku ga wata, bayan Sallar layya.

Ban san abin da ka zuba ba, ban kuma zarge ka ba. Wataƙila kai ma cutarka aka yi. Ka zo kawai ka faɗi gaskiya. Liman ya ce in dakata da kiran salla, ya ba Amadu ɗansa riƙo. Ba bulalar nake tsoro ba kamar wannan. In aka dake ni, na sauka ke nan har abada, kuma da sunan da za a riƙa kiran ɗiyana ke nan.

Daga Ƙaura zuwa Zurmi ba nisa. Don darajar kakanninmu ka zo.

Alhassan


Ƙauran Namoda,
13 ga Maris, 2000

Zuwa ga Malam Alhassan.

Wa alaikumus salam. Mu nan lafiya ƙalau, bayana ma ya yi sauƙi, har na sayi ragon layya. Kasuwa ta buɗe, yanzu ni ke gyara wa 'yan agajin unguwarmu baburansu, shugabansu ma nan yake shan inuwa kullum da hantsi. Na bar gemu, ka ga wa'azinka bai faɗi ƙasa banza ba.

Na karanta takardarka sau biyu, musamman inda ka ce tun ta farko ba ka sake samun wata daga gare ni ba. Haka ne, ban sake rubuto maka ba.

Abin da ya same ka ya ba ni mamaki. Ni mai na aiko maka, sinadarin da na ce kuwa ɗan maganin wanke kafireta ne da kowane bakanike ya sani. Jarka ta bar hannuna wata guda ke nan, ta kwana a mota, ta kwana a bukkarka. Abin da ya shiga cikinta bayan nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana so in rufe shago, in zo gaban alƙali in ɗora wa kaina abin da ban sani ba, don a sauke maka? Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ka ce mutum bakwai sun shinshina bakinka. Ni mutum ɗaya ya shinshina nawa, ya kuwa isa. Ka tuna? Zauren kakanka, ranar sunan ɗan Maigari. Shekarata goma sha tara, sau ɗaya tak abokai suka ba ni burkutu na kurɓa. Na kama ƙafarka a bayan rumbu na ce Yaya ka rufa mini asiri, ba zan ƙara ba. Ka shiga ka ce a matso da ni. Kafin magariba an ɗaure mini kayana a tsumma. Inna Asibi ta biyo ni har bakin gulbi ba takalmi, aka mayar da ita. Da ta kwanta ciwon ajali na aiko a roƙa mini izinin zuwa, aka ce ladan ya ce tubana bai bayyana ba tukuna. Kai ne ladan a lokacin, ubanka ya riga ya rasu. Labarin mutuwarta a bakin wani fasinja na ji, ina ɗaure masa birki.

Ka rubuto mini cewa gaskiya ba ta da ɗan'uwa. Na yarda. Hancin Jatau ya ji abin da ya ji.

Ga ɗan gwangwanin man kaɗe nan na ba mai albasa ya kawo maka, mai kyau ne, na Nupe. Na ga yadda ake yi a nan: ka sa riga mai kauri guda ɗaya, kada ka ci da yawa da safe, kuma kada ka ƙirga, masu kallo za su ƙirga maka. In an gama Kulsumu ta shafa maka da ɗumi.

A yi Salla lafiya.

Armiya'u


Zurmi,
19 ga Maris, 2000

Armiya'u,

Salamu alaikum. Mun ga Salla, ban je idi ba.

Na zalunce ka, na zalunci Inna Asibi. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa, in kana so in faɗa a zauren Maigari gaban kowa zan yi. Saura kwana huɗu. Albasa ta ƙone duka, ban damu ba. Ɗiyata Nadiya ta daina zuwa makarantar allo saboda abin da ake ce mata.

Ko ba ka zo ba, rubuto layi biyu ka sa hannu.

Yayanka,
Alhassan


Birnin Tsaba,
7 ga Afrilu, 2000

Zuwa ga taubashina Armiya'u, bakaniken 'yan agaji.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ina fata kuma bayanka ya warke sarai. Nawa ya fara ɓawo. Ina iya kwanciya rigingine tun shekaranjiya.

Tunda ba ka samu zuwa ba, bari in ba ka labari. An yi ranar ashirin da uku da hantsi, a fili. Na bi shawararka, na sa riga mai kauri, ban ci komai ba. Gaskiyarka, masu kallo sun ƙirga mini, har da masu tallar gyaɗa. Mai bulalar bai ɗaga hammata ba, zafin ba wani abu ba ne. A ta arba'in da wani abu na ɗaga kai na ga Jatau yana kuka, shi da ya kai ni. Wannan ya fi bulalar ciwo.

Amadu ɗan Liman an tabbatar masa da ladanci. Muryarsa kamar ana jan tsohuwar ƙofa, kuma kullum sai ya makara da asuba. Ni ina farkawa a kan lokaci kamar yadda na saba shekara goma sha huɗu, in zauna bakin gado in jira shi. Ina salla a sahun ƙarshe kusa da takalma. Wanda ya tsaya kusa da ni sai ya ɗan kau da fuska in na yi hamma. Yara sun sa mini suna Ladan Jarka.

Ranar Talata sai ga Tsoho ya yi sallama. Wata guda da kwanaki motarsa na yashe a Jangeru, man nan naka ya cinye mata robobi, sai da ya sayar da akuyoyin matarsa ya tashe ta. Ya ce ka je har gidansa kana tambayar wata takarda, ya ce maka ta ɓace, ka ce ba komai, ka saya masa shayi. To da ana wanke motar aka ɗaga kujera, sai ga ta a ƙasa, mai ya ɗan taɓa gefenta amma ana karanta kowane harafi. Ya ce, "Malam, amana ce, ko ta makara sai ta ishe mai ita." Bai san abin da ke ciki ba, ba ya karatun boko.

Na karanta ta sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a zaune. Ashirin da biyu ga Fabrairu. Maman Alheri, duro biyu, ƙarƙashin tsoffin tayoyi, ga sa hannunka a ƙasa. Ka ce kada in tsotsa da baki. Ka tuna ina goya ka mu ƙetare gulbi. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka, don duk tsawon rayuwarmu ba ka taɓa rubuta mini magana da zuciyar ɗan'uwa ba sai a cikinta. Ashe ka so ka cece ni. Sannan da ka ga ba ta iso ba, ka zauna ka zaɓo mini man kaɗe.

Kulsumu ta ce in ƙone ta kamar yadda ka roƙa. Ta ce bulala ba ta komawa cikin dorina, ladanci ba zai dawo ba ko an wanke ni, don wanda ya ga bayana a fili ya riga ya gani. Ta ce an yi ɗaya da ɗaya, a bar wa Allah. Na kwana biyu ina juya maganarta, na san kuma ita ce mai gaskiya.

Jiya na kai wa alƙali. Ya karanta, ya cire tabarau, sannan ya nemi in yafe masa. Ya rubuta takarda zuwa Ƙaura, ya haɗa da taka ta sha uku ga Maris inda ka ce ba ka san komai ba. Tsoho ma ya ce zai tsaya shaida, saboda akuyoyin matarsa. Na roƙi mai albasa ya riƙe wannan sai ya ga an ɗaga tayoyin bayan shagonka sannan ya miƙa maka, don kada ka wahalar da kanka da haƙa rami. Ina jin waɗanda za su ɗaga ɗin ma ka san su, a inuwarka suke zama.

Ban ji daɗi ba, kada ka zaci na ji. Na yi tsammanin in na miƙa takardar wani abu zai sauka daga ƙirjina, ban ji komai ya sauka ba. Da asubar yau ma Amadu ya makara.

Ga gwangwaninka nan na mayar maka. Man yana da kyau, gaskiyarka. Rabi Kulsumu ta shafa mini, na ce ta bar maka rabi. Sai dai ban san wa zai shafa maka ba.

Taubashinka,
Alhassan